Gawayin ƙoƙon kwakwa: sana'ar da ke kwance a bolar Yerwa

Ba a noman kwakwa a Borno. Ruwan saman da Maiduguri ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, cikin wata 4 yake zuba ya ɗauke, ita kuwa kwakwa 'yar bakin teku ce, laima take so rani da damina. Duk da haka in ka shiga Monday Market ko kasuwar Gamboru ba za ka rasa ta ba, ga ta a buhu wajen 'yan sari, ga ta a baro an yanyanka kusa da dabino da aya. Tafiyar fiye da kilomita 1,500 take yi kafin ta iso. Wata daga Badagry ta jihar Legas, inda 'yan mishan na Katolika suka kafa gonar kwakwa a tsibirin Topo tun 1876, wata kuma ta ƙetaro iyaka daga Ghana da Kwaddibuwa, domin abin da Najeriya ke nomawa bai ishe ta ba.

Duk wanda ya sari buhun kwakwa a Yerwa, wato Maiduguri, ya biya kuɗin motar abin da zai zubar. Kwakwar da aka tuɓe wa rigarta ta waje, kusan kashi 1 cikin 5 na nauyinta ƙoƙo ne, wannan ɓawo mai tauri da sai an sa bayan adda kafin ya fashe. Mai kunun aya za ta fasa, ta ɓanɓare farin, ta watsar da ƙoƙon. Haka mai kwakumeti, haka mai tatsar man kwakwa na gyaran gashi. Da azumi, lokacin da kunun aya ke tashe, tarinsa a bakin kwata ya fi na kullum. To a kasuwar nan dai, ka karkata layin masu kayan ƙamshi, za ka tarar da 'yan kwalaye na gawayi mai kusurwa huɗu, an jera shi reras kamar dunƙulen Maggi. Daga Indonesiya mafi yawansa ke fitowa, kuma da ƙoƙon kwakwa ake yin sa. Abin da aka zubar a bayan kasuwa shi ake saya da tsada a gabanta, kuma a wannan tsakanin ne mai cura gawayi ke neman abincinsa.

Sai an san abin da wutar girki ta zama a garin nan kafin a gane dalilin da zai sa mutum ya bi bola yana tsintar ɓawo. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, musamman daga 2014, mutanen Bama, Gwoza, Dikwa, Marte, Kukawa da sauransu suka yi ta kwararowa cikin birni, kowane gida kuma da murhunsa. Itacen kusa ya ƙare. Na nesa yana daji, inda shiga sai an sayar da rai. Sau da yawa masu yin itace da masu ƙona gawayi sun fita da safe, sai gawarsu aka kwaso. A Janairun 2021 aka fasa turakun lantarki na hanyar Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar gas mai megawat 50 wadda aka ƙaddamar a Maris ɗin 2023. Kusan wata uku bayan haka, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Gidajen da suka koma gas da kalanzir da yawa suka kakkaɓe kurfotinsu. Ko dogon yaron da ke yi wa titunan Maiduguri inuwa, wanda aka fara dasawa a lardin Borno tun 1928, bai tsira daga gatari ba.

A wajajen 2018 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da cibiyar ICEED, ta buɗe wuraren ƙera murhu mai tattalin itace guda 3, a Maiduguri da Jere da Konduga. A ƙarƙashin irin waɗannan shirye-shirye ne aka riƙa koya wa mata da matasa cura gawayi daga sharar gona. Sana'ar ke nan ƙarama ce, sabuwa, ba ta da sarki ba ta da layi a kasuwa irin na maƙera ko dukawa. Amma tana da ƙa'idojinta, kuma ba ta yafe wa mai ganganci.

Aikin yana farawa da zagaye. Mai sana'ar yakan ƙulla da masu fasa kwakwa kullum, ya ajiye musu buhu, ya riƙa biyowa yana kwashewa. Da fari kyauta ake ba shi, har a gode masa ya rage shara. Ranar da aka gane kuɗi yake yi da shi, ranar ake yanka masa farashi. Daga nan sai shanya. Ƙoƙon da ke da danshi, ko wanda sauran tsoka ke manne a cikinsa, hayaƙi kawai zai yi ta tuƙawa ya ɓata zubi guda. A nan kam ranar Maiduguri, wadda ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, abokiyar aiki ce.

Gwanintar duk tana wajen ƙonawa. Ana samun duro mai cin lita 200, a hudhuda gindinsa, a ɗora shi kan bulo domin iska ta samu shiga ta ƙasa. A kunna wuta da ɗan ƙoƙo kaɗan, in ta kama a riƙa ƙarawa zubi-zubi, kowane zubi yana danne harshen na ƙasa, har duron ya cika. Abin da ake nema shi ne ƙoƙon ya gasu sosai ba tare da ya samu iskar da za ta sa ya cinye ba. Mai aikin ba agogo yake kallo ba, hayaƙi yake kallo. In fari ne mai kauri, ruwa ne ke fita. In ya koma ruwan ɗorawa yana yaji a ido, maiƙon cikin ƙoƙon ne ke tashi. Da zarar ya sirance ya yi shuɗi-shuɗi, aiki ya zo ƙarshe: a sauke duron ƙasa, a toshe hujin da rairayi, a kifa murfi a liƙe bakinsa da laka, a bar shi ya kwana. Wanda ya ƙosa ya buɗe da sauran zafi, iska na shiga garwashi zai farfaɗo, ya wayi gari da toka. Wanda kuma ya kwara ruwa don ya gama da wuri, zai samu gawayi mai nauyi a sikeli, mai gardamar kamawa a kasko, kuma wadda ta saya sau ɗaya ba za ta dawo ba.

Kilo 100 na busasshen ƙoƙo yakan ba da kilo 25 zuwa 30 na gawayi. Mai kyau baƙi ne wuluk, yana sheƙi a inda ya karye, in ya faɗi a siminti sai ya yi ƙarar ƙarfe. Wanda ya yi ja-ja a ciki bai nuna ba. Wanda ke murmushewa tsakanin yatsu ya zarce.

Ana iya sayar da shi haka nan ɓalli-ɓalli ga maƙera da masu guga, domin zafinsa ya kai na ƙirya da maƙeran Hausa suka daɗe suna yabo, tokarsa kuma kaɗan ce. Amma ribar tana wajen curawa. A daka shi a turmi ko a kai inji, a rairaye, a mayar da tsakin a sake dakawa. Garin gawayi ba ya kama kansa, sai an sa masa abin ɗauri, kuma wanda aka fi amfani da shi sitacin rogo ne, a dama da tafasasshen ruwa ya yi kauri, a kwaɓa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin garin ya isa. In ya gaza curin ya rushe, in ya yi yawa ya yi hayaƙi da ƙaurin ƙonannen tuwo, ga asarar kuɗi, tunda rogo ma abinci ne kuma daga nesa yake zuwa. Borno tana cikin jihohin da suka fi fitar da ƙaro a Najeriya, kuma diddigarsa da ba ta shiga buhun 'yan kasuwa tana ɗaure gawayi da kyau. Akwai masu sa yumɓu saboda araha. Kaɗan ba laifi, yana ma sa curin ya daɗe yana ci. Amma akwai masu labta shi don kaya su yi nauyi, wannan kuwa algus ne, tokar da zai bari ita za ta tona musu asiri.

Matsewa kuma gwargwadon jarin mutum. Mai ƙaramin ƙarfi guntun bututun ƙarfe da guduma sun ishe shi. Na gaba da shi ya kai wa mai walda tsohon jak ɗin mota a haɗa masa matsi mai fitar da curi da yawa a zubi guda. Mai hali ya sayi inji mai murɗa kwaɓin yana fitowa dogo ana yankawa, sai dai shi kuma ya shiga hannun lantarki da dizal. Da hunturu 'yan kwanaki kaɗan curin ke bushewa. A watan Agusta kuwa sai ya kwana bakwai yana fama, in aka ɗure shi a leda da sauran laima ya yi fumfuna. Shi ya sa mai dabara da rani yake tara kayan damina.

Ba sana'ar tsafta ba ce. Ƙurar gawayi tana shiga hanci da ƙirji, wanda ke daka ba takunkumi yana cin bashin lafiyarsa. Hayaƙin duro kuma ba ya barin zaman lafiya da maƙwabta, dole ƙonawa ta koma bayan gari.

Su wa ke saye? A nan ne Maiduguri ta bambanta da sauran garuruwa. Gari ne na turaren wuta. Matan Barebari da na Shuwa sun mayar da haɗa sandal da hawi da kajiji da farce ilimi mai zaman kansa, har amaren Kano da Abuja sai an nemo musu 'yar Maiduguri ta yi musu dilka da halawa. Matar da ta kashe kuɗi ta haɗa turare, ba za ta so gawayin da zai gurɓata mata ƙamshi ba. Na itace yakan yi tartsatsi ya huda atamfar da aka baza kan kabbasa, wani ma da warin bishiyarsa yake zuwa. Gawayi mai zagaye ɗin nan da ke kamawa da ashana ɗaya, sinadari aka zuba masa, ana jin warinsa kafin na turaren. Na ƙoƙon kwakwa yana da nawar kamawa, amma in ya kama ba wari, ba tartsatsi, yakan kai awa guda yana ci. Tambayar da Hajiya ke yi wa mai kawo mata kaya ke nan kafin ta taya: yana wari, yana tartsatsi, yana daɗewa? Mai tsire da mai shayi suna biye, su lissafinsu na tsawon dare ne. Masu shisha ma suna cikin masu saye, ko da ba a so a faɗa.

Sai dai a yi hattara da ɗoki. A wuraren horo akan yi magana kamar ƙoƙon kwakwa ne zai ceci dazukan Borno, lissafi kuwa bai yarda ba. Kafin a samu tan 1 na gawayi sai an tara ƙoƙon kwakwa 20,000 zuwa 30,000. Indonesiya da Filifin da Indiya suna iya cika jiragen ruwa da shi ne saboda su ukun ke noma kusan kashi 70 cikin 100 na kwakwar duniya, wadda ta haura tan miliyan 60 a shekara, kuma masana'antun mai suna tara musu ƙoƙon wuri guda. Garin da kwakwarsa a baro ake tallanta ba zai dafa tuwo da ita ba. A ganina ƙoƙon kwakwa a Maiduguri na kasko ne, ba na tukunya ba. Wanda ya zuba shi cikin gawayin girki na mudu ya sayar da zinariya a farashin tagulla.

Na tukunya yana wani wurin, kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai ɓawon gyaɗa, akwai totuwar masara, akwai garin katako a wajen 'yan katako. Akwai ɓuntun shinkafar fadamar Jere da Zabarmari, wanda ke tsibi a bayan injinan casa har a rasa yadda za a yi da shi. Matsalar ɓuntu ita ce kusan kashi 20 cikin 100 nasa toka ce, shi kaɗai ba ya zafi, sai an haɗa shi da mai ƙarfi. Mai ƙarfin kuwa ba sai an jira motar Legas ba. Ƙwallon goruba, wanda yara ke jifa da shi bayan sun gaigaye, da ƙwallon aduwa, duk suna da taurin da ke ba da gawayi mai nauyi, ga goruba birjik a arewacin Borno da Yobe, ga masu daka garinta na shayi da kunu suna barin ƙwallon tuli. Kara da harawa kam a bar su, suna da masu su: dabba na jira, danga na jira. Sirrin kowane mai curi shi ne awon haɗinsa, kwano nawa na wannan a kan kwano nawa na wancan, kuma shi ne abin da ba ya gaya wa ko yaronsa sai sun daɗe tare.

Ɓangaren lambu kuwa, inda kwakwa ke da wani amfanin, labarinsa daban ne, domin sashen kwakwar da ya fi amfani ga shuka ba ya isowa Arewa. Rigar waje mai gashi, wadda ta kai kashi 35 cikin 100 na nauyin 'ya'yan, a kudu ake feɗe ta a bari don kada ta cinye wuri a mota. A jihar Kerala ta Indiya an mayar da wannan gashi masana'anta tun 1859, lokacin da aka buɗe kamfanin farko na saƙa shi a garin Alappuzha, ana igiya da tabarma da katifa. Garin da ke zuba wajen sharce gashin ya shekara fiye da 100 ana tara shi a matsayin shara, sai daga baya manoman rumfar gilashi na Turai suka gano ya fi ƙasa daɗin reno. Yau Indiya da Siri Lanka suna matse shi bulo-bulo suna sayar wa duniya. Bulo mai kilo 5, in aka jiƙa shi, yakan kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, kuma yana riƙe ruwan da ya ninka nauyinsa sau 8 ko fiye.

Wanda ya taɓa shuka a rairayin Maiduguri ya san darajar wannan. Ka ba da ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙamas, ruwan kuma daga kurar mai moya ka saye shi jarka-jarka. Tun bayan da madatsar Alau ta fashe ranar 10 ga Satumban 2024, masu lambun da ke dogara da ita da kogin Ngadda suka shiga wani hali, shuka a buhu da bokiti a tsakar gida ta ƙara samun dalili. Amma garin gashin kwakwa yana da sharuɗɗa. Na farko, yakan zo da gishiri, musamman wanda aka jiƙa a ruwan bakin teku; sai an wanke an tsiyaye sau da yawa, in ba haka ba ganyen dashe ya ƙone ta baki-baki, mai shi ya ɗora wa iri laifi. Na biyu, ba taki ba ne. Ruwa da iska yake riƙe wa saiwa, abinci sai an haɗa da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki. Sannan kuɗinsa da na mota ba su bar shi ya zama na zubawa a kwami ba. Inda yake biyan kansa shi ne renon iri, tumatir da tattasai da attaruhu da 'ya'yan itatuwa, inda ɗan kaɗan ke ɗaukar ɗaruruwan tsiro kuma saiwa ke fita ba ta tsinke ba ranar dashe.

Mai cura gawayi yana da abin da zai sayar wa mai lambu ko ba bulon Indiya. Ɗan tukkun gashin da ke zuwa a kan kowace kwakwa, in aka tara aka daddatsa aka jiƙa, yana rufe gindin shuka ya hana rana shanye ruwa, ga shi ba ya saurin ruɓewa. A dai riƙa ɗagawa ana duba gara. Rabin ƙoƙon da ya fashe daidai, a huda shi ta idonsa mai laushi, ya zama mazubin reno maimakon leda. Ƙurar gawayin da ta zube a wajen daka, in aka cakuɗa ta da jiƙaƙƙen taki aka bar su mako 2 kafin a zuba, tana taimaka wa rairayi riƙe laima shekara da shekaru. In aka zuba ta tsurarta kuwa, da fari ita za ta tsotse abincin shukar. Ɓuntun shinkafa da aka gasa bai zama toka ba, wanda manoman Japan da Filifin suka daɗe suna reno da shi, yana yin mafi yawan aikin da ake sayen garin kwakwa dominsa, kuma a duron nan guda ake gasa shi.

Abin da ke kashe sana'ar ba rashin iyawa ba ne. An horar da mutane da yawa, an ba su takardar shaida da injin matsi, an ɗauki hoto, shiri ya ƙare. Bayan wata shida injin yana kwance a zaure, domin ba a koya musu inda za su samu ɓawo kullum ba, ba a kuma haɗa su da mai saye ba. Mai gawayin itace bai biya kuɗin bishiyar da ya sare ba, shi kuwa mai curi ya biya sitaci, ya biya niƙa, ya biya leda, sannan ya zo yana lallashin uwargida ta yarda da abin da ba ta saba ba, wanda ba ya kamawa da wuri kuma ba a kashe shi da ruwa a ajiye na gobe. A gasar araha ba zai yi nasara ba. Inda zai ci shi ne inda ake biyan inganci, wato kaskon turare, da inda ake saye da yawa a kan alkawari, wato makarantun kwana, gidajen abinci da masu kiwon kaji da ke ɗumama 'yan tsaki da hunturu.

Da shugabannin Monday Market da na Gamboru za su ware wuri guda inda masu kwakwa da masu goruba za su riƙa zuba ɓawo maimakon kwata, da rabin wahalar zagaye ta ragu, kwatar ma ta huta. Da ma'aikatar muhalli ta jihar Borno za ta sa makarantun kwana su riƙa sayen wani kaso na makamashinsu daga masu curi, da injinan da ke zaure sun tashi. Ga mai saye kuma abu biyu. Rashin hayaƙi ba ya nufin rashin guba. Gawayin kwakwa ma yana fitar da iskar nan marar wari da ke kashe mutum cikin barci, don haka kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki komai sanyi. Sannan kafin ka biya, ɗauki curi ɗaya ka sake shi daga tsayin ƙugunka zuwa ƙasa. In ya tarwatse, ka mayar wa mai shi kayansa.